Daƙiƙin Gangan a Aji Ɗaya

An kai ni makarantar elemantare ta Roni bayan girbi, a zamanin Turawa, ina da shekara bakwai ko kusa da haka. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwata. Yaron hakimi ne ya zo rugarmu, wadda a lokacin take tsakanin Roni da Gwiwa, ya tsayar da mu yara a gaban bukkar Arɗo, ya ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Nawa hannun ya kai. Na ƙanena bai kai ba, saura kaɗan. Har murna na yi, na ɗauka wasa ne kuma na ci. Sai da na ga Inna ta juya ta shige bukka, sannan jikina ya yi sanyi. Hakimi ya ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya, kuma ni aka rubuta.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifina, Baffa, ba ya kiran sunana, ba ya kuma doguwar magana da ni a gaban mutane. Ranar da zai kai ni, yana gaba da sandarsa a kafaɗa, ina biye da ƙullin rigata, muka yi tafiya mai nisa. Sai da duwatsun Roni suka bayyana sosai ya tsaya a gindin wata kuka, ya tsuguna, ya yi mini magana da Fulatanci a hankali.

"Kai, saurara. An ce mini akwai wani yaro na rugar yamma da suka ɗauka bara. Ya shekara bai gane komai ba, suka gaji suka sake shi. Yanzu yana wajen shanun ubansa. Ka ji?"

Na ce na ji.

"Duk abin da suka koya maka, kada ka gane. In sun tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. In sun buge ka, ka daure. Za mu yi kudu da shanu, in ruwan farko ya sauka za mu dawo. Lokacin sun gaji da kai, sai in zo in ɗauke ka."

Na yi masa alkawari. A raina na ce wannan ai ba wuya.

Ya bar ni a hannun wata 'yar uwarsa da ake kira Goggo, wadda ta yi aure a cikin gari tun tana yarinya, mijin ya rasu, ta zauna ita kaɗai tana kaɗin auduga. Mace ce marar yawan magana. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta nuna mini randa da makewayi, shi ke nan na zama ɗan gari.

Makarantar ɗaki biyu ce ta ginin ƙasa. Namu na aji ɗaya shi ne na gabas. Tagoginsa biyu, ƙanana, an yi su can sama kusa da azara, yadda ko ka miƙe tsaye ba abin da za ka gani sai ɗan yankin sama. Ƙofa ɗaya ce, teburin Malam kuwa yana dab da ita. Ni da na tashi a fili, inda in na waiga ina hango saniya tun tana kamar ɗigo a nesa, sai ga ni a zaune kan tabarma tsakanin bango huɗu da yara wajen talatin, kowa na warin man gyaɗa da hayaƙin gidansu. Kwanakin farko numfashi ma da ƙyar nake yi. Nakan ɗaga kai in kafa wa tagar nan ido, in shirwa ta gilma in bi ta da kallo har ta fita daga ɗan ramin.

Kowace safiya iri ɗaya ce. A buga wani guntun ƙarfe da aka rataye a reshen tsamiya. Mu share fili da tsintsiya. Mu jeru Malam ya bi yana duba farce da haƙora da bayan kunne. Sai motsa jiki, hannu sama, hannu gefe, tsalle, juya dama, juya hagu. Sai mu shiga, ya buɗe rajista yana kiran suna, kowa ya ce, "Ga ni, Malam." Wannan ce Hausar da na fara iyawa a makaranta, don ita kam ba yadda za a yi in ƙi ta. In yaro bai amsa ba, kafin a tashi tara an aika yaron hakimi gidansu, ya zo da shi riƙe da wuyan riga. Sau ɗaya na ga an yi wa wani haka, na cire gudu daga raina. Ina ma zan gudu? Rugarmu ta riga ta tashi.

Malam saurayi ne siriri, mutumin Kazaure, mai farar riga da ba ta taɓa yin datti ba. Yana da tsumagiya a kan tebur, amma ya fi buga ta a tebur fiye da jikin mutum. Ranar kasuwa, in motar da ke zuwa daga Kazaure ta yi ƙugi a kan hanya, yakan bar abin da yake yi ya je bakin ƙofa ya tsaya, hannu a baya, har sai ƙarar ta ɓace. Sannan ya dawo ya ce, "To, ina muka tsaya?" Daga baya na ji manya na cewa ya sha rubuta takarda yana roƙon a mayar da shi gida kusa da mahaifiyarsa, ba a taɓa ba shi amsa ba.

Karatunmu na farko a ƙasa muka yi shi. Akan fitar da mu gindin tsamiyar, kowa ya share gabansa da tafin hannu ya baje rairayi. Malam ya zana baƙi a babban allo da ya jingina da itacen, ya faɗi sunansa, mu maimaita da ƙarfi, sannan kowa ya zana da yatsa. In ya zagayo ya ga daidai ne, sai ya ce share, a yi na gaba. Lissafi kuwa da 'ya'yan tsamiya ake yi. Kowane yaro yana da ɗan ƙoƙo cike da su. Malam ya ce a fitar da uku, a ƙara biyu, nawa ke nan? Da aka ci gaba sai aka kawo tsinken kara, ana ɗaure goma-goma da zaren kaba, dami ɗaya da tsinke huɗu ya zama goma sha huɗu. Akwai kuma waƙoƙin da ake rerawa ana tafi, na kwanakin mako da na sassan jiki, ana taɓa kai, ana taɓa gwiwa.

Watan farko alkawarina bai ba ni wahala ba, domin da gaske ban gane ba. Hausata ba ta wuce ta sayar da nono ba. In Malam ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan wane baƙi ne?" sai in ce, "Ban sani ba, Malam," kuma gaskiya na faɗa. Yara su yi dariya, ni kuwa raina fari, ina ganin aikin da Baffa ya ba ni yana tafiya.

Matsalar ta fara ne ranar da aka zo kan baƙaƙe masu ƙugiya. Malam ya zana wani mai ciki a ƙasa da doguwar sanda, ya lanƙwasa kan sandar, ya ce wannan shi ne ɗa. Ya zana ɗan uwansa ya ce ɓa. Na dube su, na ga kamar ƙahon wata karsanarmu da ya karkace gefe ɗaya. Sautin kuma ba baƙo ba ne a kunnena, da shi muke cewa ɗiɗi in muna nufin biyu. Kafin in ankara yatsana ya zana shi a rairayi, tsaf, har da ƙugiyar. Na ji inuwar Malam na matsowa, na sa ƙafa na murje. Da ya iso sai ya tarar da wasu layuka kamar sawun kaza.

Daga ranar abin ya ƙi tsayawa. Ban nemi in gane ba, amma ina zaune a wurin tun safe har azahar, kunnena a buɗe, ba inda zan kai shi. In Malam ya ce huɗu a ƙara uku, bakwai ta riga ta faɗo mini a kai kafin yara su gama tura 'ya'yan tsamiyarsu. Sai in fitar da biyar, ko tara, in zauna ina jira a yi mini dariya. Yin kuskure da gangan ya fi yin daidai wuya, domin sai ka san daidai ɗin tukuna, sannan ka kauce masa, kuma kada ka kauce iri ɗaya kullum a gane ka. Waƙoƙin ma sun shige ni. Ina ɗebo wa Goggo ruwa a rijiya sai in ji bakina yana rera kwanakin mako, in yi sauri in rufe shi in waiga.

Da aka kwana biyu, Malam ya raba ajin. Waɗanda suka iya baƙaƙensu aka ba su sileti, ɗan baƙin allo mai katako a gefe, da guntun alli, suka koma gaba. Mu da ba mu iya ba aka mayar da mu kusurwar baya, inda ba iska, aka ajiye mana faifai cike da rairayi. Mu huɗu ne da farko, biyu suka yi ƙoƙari suka tsere gaba, aka bar ni da ɗan wani maƙeri. Shi yaro ne ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa, ya girme ni, hannunsa duk tabon wuta. Yana so ya iya da dukan zuciyarsa. Yakan damƙe yatsansa ya danna cikin rairayi har gumi ya tsattsafo masa a hanci, amma baƙin sai ya fito a juye, cikin yana duban hagu maimakon dama. Yara suka sa mana suna daƙiƙan bango. Shi in an faɗa sai idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa ina kallon siletin da ke hannun na gaba, ina jin ƙarar allinsu, wani abu yana cin raina wanda ban san sunansa ba.

Ranar aikin hannu ita ce ta kusa tona ni tun da wuri. An kawo yumɓu daga bakin rafi, aka ba kowa dunƙule, Malam ya ce a gina abin da aka ga dama. Yawanci suka yi tukunya da turmi. Ni na manta kaina. Na ja tozo, na fitar da ƙaho, na lanƙwasa wuya yadda bijiminmu yake yi in ya ji ƙamshin ruwa, har da leɓen wuyansa mai lilo. Ɗan maƙeri ya saki baki yana kallo, ya ce, "Kai! Kamar zai yi tafiya." Maganarsa ce ta farkar da ni. Na duba na ga Malam ya nufo mu, na sa tafin hannu na danne bijimin ya koma dunƙule. Ina jin ƙahon yana karyewa a cikin hannuna. Malam ya dubi yumɓun, ya dube ni, ya wuce. Ranar ban iya cin tuwo ba. Goggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ko zazzaɓi ne?" Na ce a'a. Ta ci gaba da murza mazarinta.

A bayan ɗakinta akwai wani lungu tsakanin danga da rumbu. Nan nake zuwa da la'asar in share ƙasa in rubuta duk abin da na ƙi rubutawa da safe. Na fara haɗa baƙi da wasali, ba, bi, bu, har na rubuta nono, na rubuta Inna. Ina gamawa in share. Wata rana na ɗaga kai na ga Goggo tsaye da ƙwaryar dusa, ta zo ta ba kajinta. Ta dubi ƙasar ta daɗe. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wannan ba sawun kaza ba ne. Na ce, "Goggo, kada ki gaya wa Baffa." Ta ce, "Ni me na gani da zan faɗa?" Ta watsa dusarta ta koma.

Abin da ya tona ni a ƙarshe, lissafi ne, kuma ba nawa ba. Zafi ya shigo sosai lokacin, ɗakin kamar tanda, Malam kuma tun safe ransa a ɓace, ina jin wata takardar ce ta sake tafiya ba amsa. Ya ce kowa ya ajiye goma sha uku da kara. Ya zagaya gaba, ya iso kusurwarmu. Ɗan maƙeri ya ajiye dami ɗaya da tsinke biyar, yana ta ƙirgawa yana rikicewa. Malam ya ce, "Wata nawa muna abu ɗaya? Zan je in dawo. In na tarar ba daidai ba, yau sai jikinka ya gaya maka." Ya tafi ɗauko tsumagiya. Yaron nan ya ƙara rikicewa, ya rasa tsinken da zai cire. Ban yi tunani ba. Na miƙa ƙafa, na sa babban yatsa na janye tsinke biyu na tura su ƙarƙashin tabarma. Na ɗago ido ke nan muka haɗa ido da Malam. Ashe bai kai tebur ba ya waigo.

Ya dubi karan ɗan maƙeri ya ce daidai ne. Da aka buga ƙarfen tashi, ya ce kowa ya tafi ban da ni.

Ɗakin ya yi shiru, ban taɓa ganinsa ba kowa ba. Malam ya zauna a bakin tebur, ya zuba 'ya'yan tsamiya a gabana.

"Fitar da takwas."

"Ban sani ba, Malam."

"Ƙafarka ta sani, kai ba ka sani ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ga bijimin nan kafin ka rushe shi. Na kuma lura, duk tambayar da na yi maka, amsarka ba ta taɓa faɗawa daidai ba ko da tsautsayi. Wanda bai sani ba yakan dace wata rana. Kai ba ka taɓa dacewa ba. Wa ya sa ka?"

Na kafa wa 'ya'yan tsamiyar ido. Ba zan kira sunan Baffa a wannan ɗakin ba ko za a yanka ni.

Ya yi ajiyar zuciya. "To, ba sai ka faɗa ba, na sani. An ce maka in ka shekara ba ka gane ba za a sake ka. Gaskiya ne, ana saki. Amma bari in gaya maka abin da ba a gaya maka ba. Sunan rugarku yana cikin littafin hakimi, yaro ɗaya. In na rubuta cewa kanka ba ya ɗauka, za a mayar da kai, a ce su kawo wani. Kana da ƙane?"

Na ɗaga kai na dube shi. Ƙanena yaro ne mai ciwon ƙirji. In sanyi ya kama shi numfashinsa har fito yake yi, Inna ce kaɗai ta san yadda take dafa masa saiwa ta rungume shi har ya lafa. Bara hannunsa saura kaɗan ya kai kunne. Bana kuwa na san zai kai.

"Ni ba zan tilasta maka ba," in ji Malam. "Baturen makaranta zai zo da farkon damina ya duba ku, shi zai ce wane ya wuce, wane ya koma gida. Kafin nan ka yi abin da ka ga dama. Ni ma ba ni na kawo kaina nan ba. Tashi ka tafi."

Har yau ban sani ba ko abin da ya faɗa haka dokar take, ko kuwa dabara ce ta malamin da ba ya son ya rasa yaro mai ganewa. Na tambayi mutane da yawa bayan na girma, wasu suka ce haka ake yi, wasu suka ce ya danganta da hakimi. A lokacin dai na gaskata shi ɗari bisa ɗari.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na taɓa yi. In na ci gaba da daƙiƙanci, na jefa ƙanena cikin ɗakin nan. In na daina, na karya alkawarin Baffa. Ba kuma wanda zan aika ya gaya masa, yana can kudu inda ban sani ba. Sai na zauna a tsakiya. Na daina ba da amsar ƙarya, na kuma ƙi ba da ta gaskiya. In an tambaye ni sai in yi shiru kawai. Malam ya daina tsayawa a kaina. Abu ɗaya da ya canza, yakan ce in zauna kusa da ɗan maƙeri sosai, ya kuma juya baya ya daɗe in an ba mu aiki. Nakan kama yatsan yaron in ja masa cikin baƙi zuwa dama. Ya iya guda shida ko bakwai a haka, yana ta murna.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba muna cikin aji. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙofa, yara suka fara zumuɗi, ni kuwa na tuna lokacin dawowar Baffa ya yi. Kullum in na koma gida sai in duba ko akwai sanda jingine a ƙofar Goggo.

Bature ya riga Baffa isowa da 'yan sa'o'i kawai. An sa mu wanke riguna, an yayyafa wa ɗaki ruwa, an jera tukwanen yumɓu a gindin bango. Ya shigo, dogo, jajir, da gajeren wando, muka miƙe muka ce, "Ranka ya daɗe." Yana jin Hausa, sai dai tasa a miƙe take kamar ana karanta ta. Ya duba siletin na gaba, ya sa aka rera waƙa, ya yi wa wasu tambayar lissafi. Sannan ya nuna kusurwarmu ya ce, "Waɗannan biyu fa?" Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, gara ka gwada su da kanka."

Ya fara da ɗan maƙeri. Yaron ya ruɗe, har waɗanda ya iya suka gudu. Bature ya rubuta wani abu a littafinsa. Sai ya ɗauki alli ya rubuta kalmomi uku a babban allo, ya yafito ni.

Na taso ina tsallake ƙafafun yara. Ina isa gaban allo haske ya ragu kaɗan a ɗakin, na ɗaga ido. A tagar nan ta sama, wadda ba mai kaiwa gare ta, na ga malfa da idanu biyu. Baffa dogo ne ƙwarai. Ashe ya iso gidan Goggo, aka ce masa yau ake yanke hukunci, ya zo ya tsaya a bayan ɗaki ya ga yadda za a sallame ni.

Bature ya ce, "Karanta, yaro."

Na dubi allo. Abin da ya rubuta mai sauƙi ne, ko cikin barci zan karanta. Na dubi Malam, ya kau da kai yana kallon ƙofa. Na sake duban taga. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai ji Bature ya fara buɗe littafinsa zai rubuta. Sai na ji muryata, ƙarama, tana cewa, "Akuya ta sha ruwa."

Ya ce, "Madalla!" Ya goge, ya rubuta wata mai tsawo, na karanta. Ya ce tara a ƙara shida, na faɗa ban taɓa 'ya'yan tsamiya ba. Yara suka juyo suna kallona kamar bango ne ya yi magana. Bature ya dubi Malam ya ce me ya sa wannan yake baya? Malam ya ce, "Kunya ce da shi, ranka ya daɗe." Da na sake ɗaga ido, tagar ba kowa.

Na same shi a ƙofar gidan Goggo, a tsugune, yana zane a ƙasa da kan sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi lafiyata, kamar ba abin da ya faru. Sai da Goggo ta kawo ruwa ta koma ciki ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce ka ji."

Na gaya masa abin da Malam ya faɗa game da littafin hakimi da ƙanena. Ina magana, Fulatancin ma wasu kalmomin sai da na lalubo su. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Yaron ya sha wuya a hanya bana. Sau biyu muka zaci ba zai kwana ba." Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya miƙe, ya kwance wata 'yar gora ta man shanu daga kafaɗarsa ya ba Goggo, ya ce mata a ci gaba da haƙuri da ni. Ya tafi tun rana ba ta yi sanyi ba.

Ɗan maƙeri aka sallama. Da aka gaya masa kuka ya yi, ya riƙe ƙofar aji sai da ubansa ya zo ya ɓamɓare hannunsa. Ni aka wuce da ni ɗakin yamma. Shekara huɗu na yi a Roni, daga nan aka zaɓi mu uku aka tura Kano, ba a tambayi kowa ba. Na fito na yi aikin malanta shekaru masu yawa, a ƙauyukan da ni ma ba ni na zaɓa ba, har da Babura.

Ƙanena ya rayu, ciwon ya sake shi da ya girma, shi ya gaji garken. Mutum ne mai fara'a da yawan 'ya'ya. Ban taɓa gaya masa wannan labarin ba, ban kuma san ko Baffa ya gaya masa kafin ya rasu ba. In na kai musu ziyara yakan taso da gudu ya tarye ni tun daga nesa, ya karɓi jakata, ya sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma a inuwa. Matarsa ta kawo mini nono a ƙwaryar da suke ajiyewa domin baƙi, yara su jeru gefe suna kallon takalmina. In na ce zan bi su kiwo da safe, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, zauna ka huta, rana za ta dame ka." Sai in zauna.